Makin Malama Alheri

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Shekara ashirin da bakwai ina dillancin hatsi, daga kasuwar Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Na ga tiyar da aka bubbuge gindinta ya shige ciki, na ga buhun da aka cika samansa da farar masara ƙasansa duk ƙwari, amma ban taɓa ganin ma'auni irin wanda aka karanta mana yau ba. Ma'aunin na auna malaman makaranta ne. Na buɗe wannan littafi don in na faɗa da baki, Zulaihatu matata sai ta ce in bi a hankali. Ita takarda ba ta cewa komai.

Ni Almu ni ne ciyaman na kwamitin iyayen yara na firamaren Gidan Kanya. Ba ilimi ya ba ni ba, aji uku na sakandare na tsaya. An ga dai ni ne bakina ba ya mutuwa gaban mai babbar riga.

Malam Yahya mai tantance malamai, wanda ke hawo babur daga Faskari, shi ya tara mu ya karanto. Maki ɗari ne. Arba'in na zuwa aiki: kullum da safe malami ya tsaya gaban allon makarantarsa, wanda aka kafa da sunanta, ya ɗauki hoton kansa da waya ya aika. Arba'in na koyarwa: mai tantancewa ya zauna cikin aji ya gani da idonsa. Ashirin nawa ne, na iyaye. Wanda bai kai hamsin ba zango biyu a jere, a sallame shi.

Malama Alheri ba ta kai ba a zangon da ya wuce. Ashirin ta samu, nawan nan kaɗai. In ta sake faɗuwa wannan karon, aikinta ya tafi.

Ga abin dariya. Tun Larabar nan ta cikin azumi da 'yan bindiga suka shigo mana, babu mai kwana Gidan Kanya. Duk muna nan Ƙanƙara, wasu gidajen 'yan uwa, wasu shagunan da ba a gama ba. Yaranmu suna rumfar da ke bayan sitona, Malama Alheri na koya masu daga takwas zuwa ɗaya, a jikin wani tsohon ƙyaure da ta shafa wa baƙin fenti. Shi kuwa hedimasta Malam Salim da malamai biyu, bin ayarin masu zuwa girbi suke da sassafe, su tsaya gaban allo su yi hoto, su juyo kafin rana ta ɗaga. Ko akuya babu a makarantar nan. Su ne masu arba'in cif.

Na ce, "Ranka ya daɗe, makaranta gini ce ko yara?"

Ya ce, "Ciyaman, ba ni na tsara ba. Daga sama aka aiko."

Na ce to a gaishe da sama.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi

Yara sittin da uku a rumfar. Da kaina na ƙirga su, har da 'yar Hafiza da ke zuwa da ƙanwarta a goye.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Na tare Malama Alheri bayan an tashi. Malama 'yar Baba Ɗanlahadi ce, mutanen tsallaken rafi, waɗanda kakanninsu ba su yi salla ba, su kuma suka kama coci. Tare muka baro gari, mota guda. Ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba, amma in ta kalle ni ta saman tabaron nan sai in ji kamar ban yi aikin gida ba.

Na ce, "Malama, ki bi ayari ko sau uku a mako. Ki yi hoton ki dawo."

Ta ce, "In dawo ƙarfe nawa, Baba Almu? Sha ɗaya? Wa zai riƙe mani su? Kai?"

"Ni da yara? Buhu na iya riƙewa."

"To ka gani. Kuma ni ba ni ƙara bin hanyar nan."

Ban tambaye ta dalili ba. Na sani, ta san na sani.

Tana tattara alli cikin gwangwani ta ce, "Na ga idonka na yawo. Don Allah kada ka yi mani dabarar kasuwa."

Na ce wace dabara, ni da ba ni da komai sai tsoron Allah.

Asabar, 12 ga Oktoba, gab da magariba

Na karanta takardar tsarin nan sau huɗu. Cewa ta yi "gaban allon makarantarsa". Ba ta ce gaban gini ba, ba ta ce gaban rijiya ba. Allo. Kuma allo ƙafa biyu gare shi.

Na ɗauki Ɗanliti mai babur, shi ba ya tambaya in ya ga diga da shebur. Muka bi bayan ayarin girbi. Dawa ta yi tsawo har ta rufe hanya dama da hagu, ba ka ganin komai sai sama.

Wanda ya kafa allon nan Allah ya saka masa, bai ci siminti ba. Kusan awa guda muna haƙa. Ɗanliti yana sara yana waiwaye, yana sara yana waiwaye. Ya ce, "Alhaji, in aka tare mu mi za mu ce mun zo yi?" Na ce mu ce mun zo ɗaukar makaranta. Ya ce, "Wallahi kai dai ba ka da lafiya."

Sai mun bi ta ƙofar gidan Gide, wanda aka kashe ran Larabar nan, kafin mu fita gari. Na duƙa ina gyara igiya har muka wuce.

Muka ɗaure allon a gicciye bayan babur, ni na zauna bisa ƙafafunsa. Muna shigowa Ƙanƙara mutane suka dinga tsayawa suna kallo, wani ya ɗaga murya ya ce jirgin sama ya sauka. Su yi ta dariya. Ranar Litinin za su gani.

Litinin, 14 ga Oktoba, hantsi

Na kafa shi bakin rumfa tun kafin yara su zo. Da suka gan shi suka yi ta ihu suna shafa shi, manyan na karanta wa ƙanana sunan garinsu. Malama ta iso ta tsaya cik.

"Baba Almu, mi ka yi?"

Na ce, "Allon makarantarki ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"Yaran makarantarki ne ko na aro?"

Ta gyara tabarau.

"To ina ƙaryar? Ki nuna mani ita in tuge shi yanzu."

Ta zagaya allon sau ɗaya, ta duba yaran, ta ciro waya. Ko murmushi ba ta yi a hoton ba, amma ta aika.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Hoto uku sun tafi. Masu digiri sun yi wata shida suna tsara abu, mai aji uku ya warware shi da diga.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Ashe wayar ta san inda take tsaye. Kowane hoto yana tafiya da shaidar wurin da aka ɗauke shi. Ba wanda ya faɗa mani. A takardar ma babu, na sake dubawa.

Kuma akwai abin da ban lissafa ba. Ranar Litinin Malam Salim da malamansa sun bi ayari sun isa makaranta, suka tarar da rami biyu. Kwana biyar ba su da abin tsayawa gabansa, makinsu na mako ya zube. Shi ya kai ƙara.

Takarda ta zo wa Malama ɗazu. Ana tuhumarta da tuge kayan gwamnati da aika hoton bogi. Ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar talatin ga wata. Wannan ba sai an jira ƙarshen zango ba, a ranar za a iya sallamarta.

Sunana ba ya ciki ko sau ɗaya.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe

Na gaishe da Malama a bakin famfo. Ba ta amsa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, hantsi

Ta zo aiki. Takwas saura ta iso, kamar ba a aiko mata komai ba. Ina cikin sito ina jin su suna bitar jadawalin bakwai.

Zulaihatu ta kawo mani kunu ta ce, "Sannu injiniya. Yau wace makarantar za a ɗauko?"

Na ce ta ajiye ta tafi.

Ta ce, "Yarinyar nan ita ke riƙe da tsohonta da ƙannenta huɗu. Kai in aka kore ta, tiyarka na nan."

Ban yi laifi ba. Abin da takarda ta ce na bi. In sun so a tsaya kan ƙasar Gidan Kanya sai su rubuta ƙasa. Ban yi laifi ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in rubuta abin da nake ta kewayewa.

Zangon da ya wuce, Malam Yahya ya same ni ana tsakar loda mota, ya miƙo fom huɗu ya ce ciyaman sa hannu nan, nan, nan da nan. Na ɗora su bisa buhu na sa. Ban karanta ba. Ni da ba na sayen tiya guda sai na tauna ƙwaya.

Yau ya dawo da na wannan zangon. Na ce ya zauna, na aika a kawo masa ruwan sanyi, na sa tabarau. A saman inda nake sa hannu an rubuta: "Na shaida mai tantancewa ya zo makaranta ya kalli darasi a gabana." A fom ɗin Malam Salim ya ba shi talatin da shida cikin arba'in, wai darasin lissafi mai armashi. A na Malama ya rubuta ba a same ta a makaranta ba, sifili. Haka ya rubuta wancan zangon ma, ni kuma na shaida. Da hannuna aka kayar da ita karon farko.

Na duba kwanan wata. Sha biyar ga Oktoba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe ka je Gidan Kanya ran sha biyar. Sannu da ƙoƙari. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ka ga allo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ikon Allah. Ran sha biyar yana nan bayanka, inda yake yanzu."

Ya waiwaya. Ga allo tsaye, ga yara na fitowa hutun tara. Ruwan ma bai shanye ba.

Ya ce, "Ciyaman, makarantu hamsin da ɗaya ke hannuna, daga nan har Damari. Babur ɗaya, rai ɗaya. Kai za ka bi hanyar nan don kallon aji ba kowa?"

Na ce ni na bi ta, har da diga.

Ya ce in sa hannu a wuce wurin. Na ce hannun ya yi ciwo. Ba a karɓar fom ko ɗaya in babu hannun ciyaman, wannan kam na karanta da kyau.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Malam Salim ya zo da dattawa biyu. Na shirya masa baƙar magana tun safe, da na ga fuskarsa sai na kasa. Mutumin nan ya rame. Kullum yana sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Makka, don hoto ɗaya.

Ya ce, "Alhaji Almu, in ba ka sa hannu ba mu ukun ma mun faɗi. Ni mi na yi maka?"

Na ce bai yi mani komai ba, ni ne ma na bar masa rami.

Dattawa suka ce a rufa wa juna asiri, mutum ɗaya ba ya jawo wa uku. Na ce ai ba uku da ɗaya ba ne, uku ne da sittin da huɗu, yara da malamarsu. Suka ce bakina zai ja mani. Na ce ya daɗe yana ja, har yanzu ina nan.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Na je inda su Malama suke zaune, shago ɗaya su shida, an raba shi da zane. Baba Ɗanlahadi na kwance bakin ƙofa, ya ce, "A'a, ɓarawon allo, shigo." Shi kaɗai ya yi dariya.

Na faɗa mata maganar fom ɗin wancan zango, ban rage komai ba.

Ta ce, "Na sani. Na ga hannunka tun watan Yuli."

"Kika yi shiru?"

"In ce mi? Kai ka ba mu rumfa."

Gara ta zage ni.

Na ce yanzu Malam Yahya na hannuna, in na matsa kaɗan zai rubuta mata talatin da takwas ba tare da ya ɗaga ido ba.

Ta cire tabarau. "Ka ga irin ta ko? Ka sake. Baba Almu, ba ni son makin tsoro. Shekara tara ina aikin nan, ba wanda ya taɓa zama ajina daga farko har ƙarshe. Ya zo ya zauna. In sifili na ci ya ba ni sifilina, in tafi na san an gani."

Na ce wannan ciniki ne na wanda bai san kasuwa ba.

Ta ce, "Shi nike so."

Talata, 29 ga Oktoba, da safe

Zulaihatu ta wanke mani farar riga ba tare da na ce ba. Na gaya wa Ɗanliti ya nemo 'yan uwansa biyu, su cika tanki.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Mutum uku ne a teburi, wata Hajiya Shafa'atu a tsakiya, sai Malam Yahya a gefe da jakarsa bisa cinya. Ba a gayyace ni ba. Na shiga na zauna, aka ce wane ne, na ce wanda ya tuge allo.

Na faɗa masu ni na haƙa, ni na ɗauko, ni na kafa, Malama ma ta hana ni tun kafin in yi. Na faɗa masu na sa hannu kan abin da ban gani ba wancan zango, kuma ba zan ƙara ba.

Na hagun ya ce, "Kai ka san laifin da kake ɗora wa kanka?"

Na ce na san nauyinsa, ni na ɗauko shi bisa babur.

Ya ce doka a fili take, makaranta tana Gidan Kanya, can ake aiki, can ake tantancewa.

Na ce, "Madalla, ranka ya daɗe, mun daidaita. Ga babura uku nan waje, tanki cike. Tunda can makaranta take, mu je can a yi zaman nan. Ku ga ajin da aka ba talatin da shida. In mun tashi yanzu, in Allah ya so, muna dawowa kafin la'asar."

Ba wanda ya motsa. Ana jin Ɗanliti a waje yana ta murza babur, kamar yadda na ce ya yi.

Hajiya ta juya ta ce, "Malam Yahya, kai da ka je ran sha biyar, ya hanyar take?"

Ya buɗe jaka, ya rufe.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tambayi Malama yara nawa ne a rumfar. Ta ce sittin da uku, jiya sittin da ɗaya, biyu na zazzaɓi, ta faɗi sunayensu.

Hukunci: an janye tuhumar bogi daga kan Malama. Makin zuwa aiki ba su da ikon taɓa shi, daga sama yake, yana nan sifili. Gobe Malam Yahya zai zauna ajinta, na su Malam Salim ma a rumfa za a sake yi, su zo su karɓi aji a gani. Allo a ajiye shi ofis. Ni kuma in sa hannu kan abin da na gani, in sauka daga ciyaman.

Wato sai ta ci talatin cikin arba'in, in ba haka ba duk wannan surutu nawa iska ne.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan azahar

Malam Yahya ya zo takwas daidai, na ba shi buhun masara ya zauna. Hausa take koyarwa, karatun gajeren labari. Da aka zo gwaji ya nuna 'yan gaba, masu wankakkun riguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu in za mu sayi buhu ba ma duba baki. Ƙarfe muke soka masa a ciki da gindi mu ga abin da zai zubo. Soka can baya."

Malama ta harare ni, amma ta ce ya zaɓi duk wanda ya so.

Ya kira bakwai daga baya. Biyar sun karanta tiryan-tiryan. Ɗaya ya yi ta in'ina har ya kai ƙarshe. Ta bakwai, Nana Khadija, ta tsaya a layi na biyu ta kasa, ta fara hawaye. Malama ba ta karanta mata ba. Ta durƙusa ta rufe rabin kalmar da yatsa, yarinyar ta faɗi rabi, ta buɗe sauran, ta haɗa. Suka yi haka har layi ya ƙare. Ya ci lokaci, ina ganin Malam Yahya na duba agogo yana rubutu.

Ya tafi da makin cikin jaka. Na sa hannu, wannan karon na gani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Shiru. Ko tiya ɗaya ban auna daidai ba yau.

Litinin, 4 ga Nuwamba, hantsi

Talatin da uku. Da ashirin ɗina, hamsin da uku. Tana nan.

Na je da fara'ata in yi mata barka, na tarar tana huci da takarda a hannu.

"Duba nan, Baba Almu. Ya cire mani uku wai darasi ya zarce lokaci, wannan na yarda. Amma huɗun nan fa? Wai ban manna hotunan koyarwa a bango ba. Wane bangon?"

Na ce, "Malama, kin tsira, ki bar shi."

"Ba ni bari. Sai na rubuta masu."

Ta juya ga Malam Salim, wanda aka ba 'yan aji ɗaya a ƙarshen rumfa yana ta fama, ta ce ya rage murya yana shiga darasinta. Hedimasta guda ya ce to.

Zango mai zuwa wayar nan za ta sake ba ta sifili, sai an sake wannan kokawa daga farko. Ni kuma an sauke ni, takarda ta zo, ranar Asabar iyaye za su zaɓi sabon ciyaman. Tun jiya na zagaya gida goma sha tara. Adama mai ƙosai za mu tsayar, wadda ta taɓa riƙe makullin motar wani direba yini guda don ya taka mata tire. Yaranta uku ne a rumfar, kuma tana karanta komai har ƙasan takarda.

Sun ce bakina ya yi yawa. To, su jira Asabar.